Ranar da Asabe Ta Ji Takenta

Bana shekara goma sha huɗu ke nan da muka raka abokina Isiyaku makwancinsa a wata maƙabarta a hayin kogi, inda da yawa daga cikin mutanenmu na unguwar Bronx ta New York suke kwance. A lokacin da ya rasu, faya-fayansa uku na ƙarshe a kwali ake zuba su bakin titi tare da tsofaffin mujallu, wanda ya ga dama ya ɗauka. Ni da kaina na taɓa tsintar guda a unguwar Highbridge, ruwan sama ya jiƙe bangonsa. A watan jiya kuwa na ga wani saurayi a jirgin ƙasa mai lamba shida ya rungume ɗaya daga cikinsu, sabo fil, yana kare shi daga turereniyar mutane kamar mai riƙe da jariri. Na so in ce masa na san mai wannan hannun tun muna yawo ba takalmi. Sai na bar dariyata a ciki.

Unguwarmu ɗaya da Isiyaku a Funtuwa. Mahaifinsa makaɗin mahauta ne, kalangu yake kaɗa musu a bakin kasuwa, kowane mahauci da takensa. Wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da take yake nufi: ɗan gajeren kiɗa ne da ake yi wa mutum shi kaɗai, gangar tana faɗin sunansa da kirarinsa, in ya ji kuwa ko yana bayan kasuwa sai tsikar jikinsa ta tashi. Ya kuma san matsayin da muke ba mai wannan sana'a. Muna son kiɗan, ba ma son haɗa zuri'a da makaɗin. Isiyaku ya sha jin ɗan maroƙi a makaranta har ya ƙoshi, kuma wannan kalma ce ta kore shi. Ya bi ta Ikko, ya yi aiki a jirgin ruwa, ya sauka a nan. Ni kuma boko ta ja ni na zama tafinta, na zauna Yamai, na zauna Jidda da Khartum da Paris, daga bisani aiki ya kawo ni New York. Da na neme shi, sai na tarar wanda ya gudo saboda ganga ya rataya jitar bas, mai kaurin murya, a cikin wata ƙungiyar samarin Turawa.

Ba zan wahalar da mai karatu da sunan ƙungiyar ba. Mu 'Yan Gareji muke ce musu, don a wani garejin gyaran mota suke gwaji. Irin kiɗansu shi ne wanda ake kira post-punk. Kafin su an yi wasu samari masu kiɗan fushi, hayaniya da gaggawa kawai, ba ruwansu da gwaninta. Su kuma waɗannan suka zo a baya, suka riƙe fushin amma suka sa masa tunani, suka tura bas gaba, suka bar jita tana yanka kamar reza. Faya-fayansu biyu na farko haka suke, kuma ba zan rage musu komai ba. Akwai zafi a cikinsu, akwai birnin nan yadda yake a wancan zamani, da gidajen da suka ƙone da sanyin da ke shiga ƙashi. Masu sharhi a jaridu sun yaba ƙwarai. Sai dai in ka saurara da kyau, hannun Isiyaku a ɗaure yake. Yana bugawa daidai, yana bugawa da ƙarfi, amma kowane saurayi mai kuzari zai iya abin da ya yi. Mutum ne da ke magana da bakin aro, yana tsoron kada a ji harshen gidansu.

Bayan faifai na biyu mahaifinsa ya rasu, ya tafi gida. Na dace ina hutu a lokacin, tare muka yi zaman makoki. Da aka share makoki aka miƙo masa kalangun tsohon, don shi ne babba. Na zaci zai bar shi a rataye a zaure. Wata yamma sai na ji shi a bayan gida yana matsa shi a hammata, yana lalube, kamar mai neman hanya a ɗakin da ya bari tun yana yaro. A kwanakin ne ya ga Asabe, 'yar wani mai sayar da yadi, tana koyarwa a firamare. Ya yi mata take. Sau ɗaya ya kaɗa mata shi, a hanyar makaranta, ni ina tsaye a gefe ina gadin kada wani ya gani. Gangar cewa take: taka sannu Asabe, hanya taki ce. Ta tsaya ta ji har ƙarshe, sannan ta ce masa in da gaske yake yi, to ya rataye wannan abin, don mahaifinta direba zai ba 'ya, ba makaɗi ba. Ya ce ya rataye. Ni na yi abokin ango.

Ya dawo da amarya, ya dawo da kalangu a ƙasan akwati, ya kama tuƙin tasi da rana don maganar direba ta zama gaskiya. A tsakanin nan mawaƙin ƙungiyar, wanda 'yan jarida suka fi sani, ya bar su ya tafi neman suna shi kaɗai. Aka ce 'Yan Gareji sun mutu. Waɗanda suka rage, Isiyaku da mai ganga da wani mai jita ɗan asalin Ailan da ake kira Donal, suka ci gaba, suka yi faifai uku a cikin shekarun da suka biyo baya. A kan waɗannan ukun nake rubutu, don su ne na yi shekaru ina gardama a kansu, a teburin abinci da ɗakin jira da duk inda na sami mai saurare.

Isiyaku bai karya alkawarinsa ba, bai sake kaɗa kalangu a gaban mutane ba. Abin da ya yi shi ne ya kwashe abin da ke cikin kalangun ya zuba a tsirkiyar bas. Ya cire ƙarafan da ke wuyan jitar don yatsa ya riƙa zamewa, sauti ya hau ya sauka yadda muryar mutum take yi. Daga faifai na uku bas ɗinsa ya fara magana. Donal kuma, Allah ya ba shi kunne, ya daina yanka, ya koyi jira. Sai bas ya faɗi tasa, jita ta amsa, kamar mawaƙi da 'yan amshi. Suka rage gudu. Suka bar fili a tsakanin sauti, wanda a da tsoronsa suke yi. A faifai na ukun akwai waƙoƙi biyu da suka sa gangar inji don yayi ne a lokacin, kuma har gobe ba na son su, na gaya masa a gabansa. Na huɗu ba shi da irin wannan tabo. Waƙoƙinsa na masu aiki ne, direban da ke jiran fasinja, matar da ke goge ofis bayan kowa ya tashi, kuma a ƙarƙashinsu duka akwai wani kaɗawa da duk wanda ya zauna kusa da gadar jirgi zai gane. Na biyar kusan babu kalmomi a cikinsa. A ɗaki ɗaya suka ɗauke shi, suna kallon juna, har numfashin mai ganga ana ji.

Masu sharhi suka ce sun tsufa, sun yi sanyi, suna maimaita abu ɗaya. Na zauna a ƙasashe da dama, kuma ban ga inda ake gaggawar binne mai fasaha da ransa kamar nan ba. A Khartum na ga tsohon mawaƙi da muryarsa ta dushe, matasa suna zaune a ƙasa suna jiran ya buɗe baki. A Yamai ba a cewa mai gurmi ya iya sai furfura ta fito. A Paris ma, duk da son sabon abu, suna ɗaga wa tsohon hannu hula. A nan kuwa faifan farko shi ne ɗan fari kuma shi ne auta, abin da ya biyo baya ana yi masa kallon saura. Ga kuma inda abin ya fi ciwo: waɗanda suka saurari faya-fayan ba su da kunnen da zai ji abin da bas yake faɗa, mu kuma masu kunnen ba mu saurara ba, don kiɗan Turawa ne, kiɗan gwangwani in ji mutanenmu. Tsohon doki sai mai sani, masu sanin kuma suna wani wuri. Isiyaku bai taɓa yin ƙorafi ba. In na kawo masa jaridar da ta zage su, sai ya ninke ta ya goge gilashin mota da ita, ya ce ai ta yi amfani.

Ciwon zuciya ya ɗauke shi farat ɗaya. A wurin ta'aziyya kowa direba yake yi wa addu'a, mutumin kirki, mai riƙon amana, kuma duk gaskiya ne. Hajiya Asabe ta kulle kalangun da asalin tef-tef ɗin faya-fayan uku a kabad ɗin gidansu na unguwar Parkchester. Ban ga laifinta ba, har yau ban gani ba. Tana da 'ya mace, Bilkisu, kuma ta san ko a Bronx in aure ya zo sai an tambayi asali. Abin da ban iya haƙura da shi ba ɗaya ne: waƙa mafi tsawo a faifan ƙarshe takenta ce, daga farko har ƙarshe, kuma ba ta taɓa jin ta ba, don ba ta taɓa yarda an sa faifansa a gidan ba. Na sha ɗauko maganar. Da na ce faifai sai ta ce, Alhaji, shayinka zai huce. Take kuma ba a ba da labarinsa, jin sa ake yi.

Shekarun baya kaɗan sai iska ta juya. Yara masu haɗa kiɗa a kwamfuta suka fara tono tsofaffin faya-fayai, suka ci karo da bas ɗin Isiyaku, suka riƙa tambayar wane ne wannan. Wani ƙaramin kamfani ya nemi Donal, wanda yanzu da sanda yake tafiya, suka ce suna so su sake fitar da ukun nan. Amma sai da asalin tef, sai kuma da sa hannun magada. Tef ɗin kuwa ba ya jira, yana lalacewa a ajiye. Ga shi Hajiya ta riga ta faɗa cewa da Bilkisu ta haihu, ta gama wankan jego, gida za ta koma, kuma duk abin da bai shiga kwantena ba bola za shi.

Donal ya roƙe ni in raka shi in yi masa tafinta. Ya shirya iyakar shirinsa, ya koyi sallama, ya cire takalmi tun daga ƙofar lif. Abin da ba mu sani ba, ranar matan Islamiyyarsu suke taruwa a gidanta. Muka shiga falo cike da hajiyoyi. Kafin in ja rigarsa, bawan Allah ya dafa ƙirji, ya ce da babbar murya mijinta shi ne makaɗi mafi girma da ya taɓa sani, kuma duniya ta kusa sanin haka. A ganinsa ya kawo mata kyauta mafi tsada. Ni kuma na juya na fassara cewa ya ce marigayi mutum ne mai himma a kan aikinsa. Ban taɓa yin fassarar banza irin wannan ba, don rabin matan nan a asibiti suke aiki, Turancinsu ya fi nawa sauri. Hajiya ta gyara mayafi.

"Alhaji, gaya wa baƙonka ya yi ɓatan gida. Mijina direba ne."

A lif Donal ya tambaye ni me ya faɗa ba daidai ba. Na rasa ta inda zan fara, duk da harsunan da nake taƙama da su.

Bilkisu ce ta kira ni bayan kwana biyu, cikinta ya tsufa. Ita irin yaranmu ce na nan, ka yi mata Hausa ta amsa da Turanci. Ta ce ita ta daɗe tana jin faya-fayan babanta a waya, a ɓoye, tun tana makaranta, kuma mijinta ma ya sani, bai ga abin kunya a ciki ba. Ta tambaye ni dalilin da ya sa waƙar nan mai tsawo take sa ta kuka alhali babu kalma ko ɗaya a ciki. Na ba ta labarin hanyar makaranta. Sai ta ce ranar suna za ta sa ta. Na ce mata ta yi tunani, don in abin ya ɓaci, a gaban mutane zai ɓaci, uwarta za ta tafi gida da fushi, tef ɗin kuma ya tafi bola. Ta ce ai yanzu ma bolar za shi.

Ta haifi namiji, aka raɗa masa Isiyaku. Hajiya, da yake ba ta faɗin sunan, Maigida take ce masa, tana yi masa tsiyar da kaka ke yi wa jika, wai ya zo ba ko kuɗin cefane. Da la'asar aka yi taron mata a wani ɗakin taro da aka kama a unguwar Morrisania, mu maza 'yan kaɗan muna daga bakin ƙofa. Matan Najeriya da na Nijar da na Zangon Kumasi, kowace da irin ɗaurinta, mai saka kiɗa yana ta sako waƙoƙin biki. Can na ga Bilkisu ta je ta yi masa raɗa. Kiɗa ya tsaya. Sai bas ya shigo shi kaɗai, a hankali, da kauri.

Masu rawa suka tsaya suna duban juna. Wata 'yar Zango ta tambaya ko injin wanki aka kunna, aka yi dariya. Hajiya tana can ƙarshen ɗaki tana zuba wa baƙi miya, ta ba mu baya. Na ga ludayin ya tsaya a sama. Bas ya sake faɗa, jita ta amsa. Wata tsohuwa 'yar Maraɗi da ke zaune kusa da lasifika ta karkata kai, ta ce wannan ai kalangu ne, kuma sunan mutum yake kira. Ta dubi ɗakin tana neman mai sunan.

Hajiya ta ajiye ludayi. Ta juyo, ta tako, ba da sauri ba, mata suna buɗa mata hanya ba tare da an ce su buɗa ba. Ban san ko ta san da irin takun da take yi ba, amma ni na taɓa ganin sa sau ɗaya, a Funtuwa. Tsohuwar nan ta rangaɗa guɗa. Da Hajiya ta iso gaban lasifika ta tsaya har waƙar ta ƙare, kuma doguwa ce. Sannan ta zare gyalen da ke kafaɗarta ta yafa wa lasifikar, yadda ake yafa wa makaɗi riga in ya taɓo mutum inda ya kamata. Ta karɓi jaririn daga hannun Bilkisu.

"Ka ji shi ko, Maigida? Ashe bai rataye ba."

Ta juya wajen matan Islamiyya, waɗanda suka ji abin da ta gaya wa Donal, ta ce, "Makaɗi ne, ɗan makaɗi. Wadda ba ta sani ba yau ta sani." Daga nan ta hango ni a bakin ƙofa. "Alhaji, ka kira min Baturen nan. Ka ce ya zo da mota, kayan da nauyi."

Nakan tambayi kaina me Isiyaku zai ce da ya ga yau. Na tabbata zai yi wa samarin nan dariya, masu sayen faifan garmaho da tsada alhali duk waƙoƙin suna cikin wayarsu. Zai yi mamakin masu sharhin da yanzu suke rubuta cewa ukun ƙarshe su ne ainihin ƙungiyar, na farkon share fage ne, har ma ina jin zai ce sun wuce gona da iri, don yana son faya-fayan ƙuruciyarsa. Ba na jin yabon jarida zai tsaya masa a rai, tunda zaginta ma bai tsaya ba. Gyalen nan ne zai tsaya masa a rai. Makaɗi mutum ɗaya yake kaɗa wa take, kuma ladansa shi ne mai taken ya waiwayo. Ya jira fiye da yadda ya kamata, amma rana ba ta ƙarya.

An gyara tef ɗin, an ceto duka in ban da waƙa ɗaya da danshi ya ci, kuma cikin ikon Allah ɗaya ce daga cikin biyun nan masu gangar inji. Faya-fayan uku sun fito. Hajiya ta koma gida kamar yadda ta ce, da faifan ƙarshe a jakar hannunta, ba a kwantena ba. Kalangun tsohon yana rataye a falon Bilkisu, inda duk mai shigowa zai gani, yaron kuma har ya fara miƙa hannu yana so a sauko masa da shi. A Bronx yanzu in an ambaci Isiyaku, makaɗi ake cewa, kuma iyalinsa ne suke fara faɗa.